Idan kafaɗa ta ƙage

Ɗaurin kallabi ne ya tona asirin ciwon Inna. Ƙanwar mahaifiyata ce, tana zaune a Sabon Gari nan cikin Tawa, kuma shekara da shekaru da furar sayarwa take riƙe da gidanta. Wata safiya cikin hunturu na shiga gaishe ta, na tarar ta sunkuyar da kai har haɓa na taɓa ƙirji, hannun dama yana lalube a ƙeya, na hagu kuwa ya tsaya daidai kunne ya ƙi wucewa. Ta cije leɓe ta ƙara yunƙurawa, sai ta saki ƙara ta dafe dantse, ta daɗe a duƙe kafin numfashinta ya dawo daidai. Na ce, "Inna, tun yaushe?" Ta ce, "Tun kaka, ɗana. Sanyi ne ya shige ni, in zafi ya zo zai sake ni." Zafi ya zo ya wuce, damina ta sauka, kafaɗa ba ta sake ta ba.

Ciwon da ya kama ta sananne ne a wurin likitoci. A takardar da ake ba mutum a asibitocinmu, da Faransanci ake rubuta shi, capsulite rétractile, wato jakar da ta lulluɓe gaɓa ce ta kumbura ta tsuke. Wani likitan tiyata Bafaranshe, Simon Duplay, ya yi bayaninsa tun 1872. A 1934 wani likita a birnin Boston na Amurka, Ernest Codman, ya raɗa masa sunan da ke nufin daskararriyar kafaɗa, sunan kuwa ya bi shi har yau. Mutanen Japan suna ce masa kafaɗar ɗan shekara hamsin, saboda shekarun da ya fi kama mutum. Mu kam ba mu ware masa suna ba. Duk ciwon gaɓa a wurinmu sanyi ne ko amosanin ƙashi, idan ya yi tsanani a ce targaɗe ko gocewa, idan ya ƙi jin magani a fara zancen sammu. To, idan suna ya zama ɗaya magani ma ɗaya yake zama, kuma daga nan ɓarnar take farawa. Wannan ciwo yana da lokuta nasa, kuma abin da ke gyara shi a wani lokaci shi ne ke ƙara ɓata shi a wani.

Sai an san yadda aka gina kafaɗa kafin a gane haka. Babu gaɓar da ta kai ta sakewa a jikin mutum. Kan ƙashin dantse mulmulalle ne, gurbin da yake zaune a ciki kuwa ɗan ƙarami ne mara zurfi, kamar a ɗora ƙwallon goruba a bakin kofin shayi. Shi ya sa hannu yake kaiwa sama da baya da gefe, yake juyawa yadda aka so. Abin da ke hana ƙwallon faɗuwa shi ne tsokoki da jijiyoyi, da kuma wata jaka mai laushi da ta rufe gaɓar duka. Jakar nan tana da yalwa, har tana da ninki a wajen hammata kamar aljihun babbar riga, wanda ke buɗewa idan an ɗaga hannu. A wannan ciwo, jakar ce take fara kumburi daga ciki, daga baya ta yi kauri, ta yi tauri irin na tabo, ta tsuke ta matse kan ƙashin. Jakar lafiyayyen mutum takan ɗauki ruwa fiye da mililita 20, amma wadda ta tsuke da ƙyar take ɗaukar 5 zuwa 10. Duk wanda ya taɓa ganin salkar da aka rataye aka manta da ita har ta bushe ya ga misalin abin. Fatar ta ƙanƙance ta yi ƙarau, in ka ja ta da ƙarfi sai ta yage, in ka bi ta da ruwa a hankali sai ta dawo. Ƙashi lafiyarsa lau, bai karye ba, bai goce ba, kuma babu sanyin da ya shiga ciki. Hunturu yana ƙara wa mutum jin zafin, amma ba shi ya kawo ciwon ba.

Cikin mutum 100, tsakanin 2 da 5 ne ke gamuwa da shi a rayuwarsu, galibi daga shekara 40 zuwa 60, kuma ya fi yawa ga mata. Wani lokaci haka nan yake tasowa ba gaira ba dalili. Wani lokaci kuma yana biyo bayan abin da ya sa aka daina motsa hannu, kamar karaya, ko faɗuwa daga babur, ko tiyatar nono ko ta ƙirji, ko shanyewar ɓarin jiki. Masu ciwon halittar nan ta gaban wuya, wadda kumburinta ke kawo maƙoƙo, su ma yana yawan kama su. Amma babban abokin tafiyarsa ciwon sukari ne, kuma zan dawo kansa.

Yadda ciwon ke tafiya shi ne abin da na fi so mai karatu ya riƙe. Da zogi yake farawa. Ba a cika jin sa a kan kafaɗar ba, ya fi zama a dantse, wajen da ake yi wa yara allurar rigakafi, kuma da dare yake cin kasuwarsa. Mutum ba ya iya kwanciya a kan ɓarin, in barci ya kwashe shi ya juya sai suka ta tashe shi. Motsin ba-zata shi ne mafi muni: a miƙa hannu a tare kwanon da zai faɗi, ko yaro ya ja hannun, ko motar haya ta faɗa rami, sai zafi ya ratsa mutum har idonsa ya kawo ruwa. Wannan lokaci yakan ɗauki wata 2 zuwa 9, hannu kuwa yana raguwa a ɓoye, mai shi bai lura ba saboda hankalinsa yana kan zafin. Daga nan sai zogin ya fara lafawa, mutum ya samu barci, amma kafaɗar ta zama kamar an kafe ta da ƙusa. Wannan kuma wata 4 ne zuwa shekara guda. Sannan a ƙarshe ta fara saki, kaɗan-kaɗan, cikin wata 6 zuwa shekara 2. Lokutan ba su da katanga a tsakaninsu, suna shiga juna kamar yadda kaka ke shiga hunturu. Shi ya sa likitoci da yawa yanzu tambaya guda suke yi: me ya fi damunka yau, zafin ko ƙagewar? Idan zafi ne, aikin da ke gaba shi ne a kwantar da kumburi a samu barci. Idan ƙagewa ce, lokacin miƙa gaɓa ya yi.

Inna tana tsakiyar lokacin zogi aka kai ta wurin wani maɗori a wani ƙauye. Kafin nan an yi ƙaho, an sha saƙe-saƙi, an shafa man kaɗanya. Mutumin ya latsa kafaɗar ya ce gocewa ce ta daɗe. Ya sa mutum biyu suka riƙe ta, ya ja hannun ya murɗa shi sama da ƙarfi, ƙanwata da ta raka ta ta ce sai da Inna ta suma. Sannan ya ɗaure hannun a ƙirji ya ce kada ta kwance sai bayan sati uku. Wato a rana ɗaya an haɗa mata kurakurai biyu mafi girma a wannan ciwo. Fizgar gaɓar da ke cikin kumburi tana ƙara hura wutar, kuma tana iya yaga jijiya ko ta karya ƙashin dantse, musamman ga mace mai shekaru wadda ƙashinta ya fara rauni. Ɗaure hannun kuwa ba jakar dama ce ta tsuke yadda take so. Da aka kwance ɗaurin, ko faifai ba ta iya miƙawa da hannun. Har yau in na tuna raina yana ɓaci, domin mu muka haɗa kuɗin motar da hannunmu, garin gyaran gira muka kusa rasa ido.

Ranar da muka je asibiti, abin da ya ba ni mamaki shi ne ƙanƙantar gwajin da ya warware zancen. Likitan ya ce, "Hajiya, manna gwiwar hannu biyu a kwiɓi, ki miƙo hannuwa gaba kamar kin ɗauko tire." Ta yi. Ya ce ta buɗe su waje, gwiwar hannu na nan a manne. Na dama ya buɗe sosai, na hagu ko taƙi guda bai yi ba ya tsaya. Sai ya ce ta saki jiki, ya kama hannun da kansa ya gwada buɗe shi, nan ma ya tsaya cak a wuri ɗaya kamar ƙofar da aka tokare da dutse. Ya ce mana wannan ita ce alamar. In jijiyar kafaɗa ce ta yage ko ta kumbura, mai ciwon yakan kasa ɗaga hannu da kansa, amma in wani ya ɗaga masa sai ya tafi. A ƙagewar jaka kuwa, ko wa ya kama hannun ba ya wuce inda ya tsaya, kuma juyawa waje ita ce ta fi mutuwa. Ya nuna mini wani abu kuma. Da Inna ta ɗaga hannu gaba, ya ɗora tafinsa a bayanta ya ce in duba: allon kafaɗa ne ke tafiya, kafaɗar duka tana hawa wajen kunne. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ɗaga hannu daga allon yake zuwa, shi ya sa mai ciwon yake iya ɗagawa rabi, mutane su ce ai ga shi yana motsi, raki ne kawai.

Duk da haka ya tura mu hoto, hoton kuwa ya fito tsaf babu komai. Inna ta ji haushi, ta ce an ci kuɗinta a banza tunda na'ura ba ta ga ciwon ba. Amma amfanin hoton ke nan, a tabbatar babu wani abu da ya ɓuya a bayan ƙagewar. A ƙasarmu wannan ba ƙaramin zance ba ne. Mai sikila yana iya samun mutuwar kan ƙashin dantse saboda toshewar jini, irin wadda ke kama ƙugu, kuma maganinsa daban ne, akwai ma cibiya ta musamman a Yamai don masu wannan cuta. Ƙwayar tarin fuka tana iya cin gaɓar kafaɗa a hankali. Mai farfaɗiya ko wanda lantarki ya ja, kafaɗarsa tana iya gocewa ta baya ta maƙale a can, a yi watanni ana ce mata ƙagewa. Akwai zaizayewar guringuntsi, akwai ciwon daji da ya sauka a ƙashi. Saboda haka in ciwon kafaɗa ya zo da zazzaɓi, ko kumburi mai zafi da ja, ko rama da gumin dare, ko tarin da ya ƙi ƙarewa, ko ya biyo bayan faɗuwa, ba a zama a gida a ce lokaci zai warkar. Haka in zafin yana saukowa daga wuya har ƴan yatsu da mutuwar jiki. Wanda kuma ya ji nauyi a ƙirji yana harba masa kafaɗar hagu ko muƙamuƙi, ga gumi ga haki, wannan zuciya ce, a kai shi asibiti a sa'ar nan.

Gwaji na biyu da likitan ya rubuta shi ne na sukari, a je da safe ba a ci komai ba. Inna ta ce ita da ko shayi ba ta cika sha ba, me ya haɗa kafaɗa da sukari? Sakamako ya fito ya haura gram 2 a lita, alhali daga gram 1,26 ake cewa mutum yana da ciwon, idan an maimaita an samu haka. Sai a lokacin ta faɗi cewa ta daɗe tana yawan fitsarin dare da ƙishirwa, tana ɗora wa zafin gari. Mai ciwon sukari ya ninka wanda ba shi da shi kusan sau 5 wajen kamuwa da ƙagewar kafaɗa, kuma fiye da mutum 1 cikin 10 na masu sukari suna gamuwa da ita. Dalilin da aka fi kawowa shi ne, sukarin da ya yi yawa a jini yana manne wa zaren naman da aka saƙa jijiyoyi da jakar gaɓa da shi, ya sa su yi tauri. Tasu ƙagewar takan fi tsanani, ta fi daɗewa, kuma ta fi saurin tsallakawa ɗaya kafaɗar. A gari irin namu, inda mutum zai shekara goma ba a ɗiga jininsa a na'ura ba, sau da yawa kafaɗa ce ke fara kai ƙarar sukari. A ganina duk wanda ya haura shekara 40 kafaɗarsa ta ƙage ba tare da ya faɗi ba, gwajin sukari ya fi masa kowace ƙwaya da zai saya gaggawa. Ba shi da tsada, kuma ba sai an je babban asibiti ba. Ni dai na san da ba don wannan kafaɗa ba, da wataƙila sai ido ko ƙafar Inna sun lalace kafin mu sani.

Maganin lokacin zogi ba shi da ƙawa. Farasitamol, kada babba ya wuce gram 3 a yini sai da izinin likita. Magungunan kumburi irin su ibuprofen da diclofenac suna taimakawa na ɗan lokaci, amma suna cin ciki, suna taɓa ƙoda, suna ɗaga hawan jini, kuma waɗanda wannan ciwo ke kamawa su ne daidai masu shekarun da ƙodarsu ba ta son wasa, balle mai sukari. Abin da ke ba ni tsoro shi ne masu yawo da magani a tire da ƴan tebur na bakin kasuwa. Ka ce kafaɗa, a ƙulla maka ƙwaya huɗu ko biyar a leda, ba suna ba adadi, a ciki har da tramol da ƙwayoyin nan da wasu mata ke sha don su yi ƙiba. Na farko yana kama mutum ya kasa rabuwa da shi, na biyu kuma yana harba sukari sama ya raunana ƙashi idan an daɗe ana sha. Ciwon da zai yi shekara biyu ba a tare shi da irin wannan ƙulli.

Abin da ya fi kawo sauƙi a wannan mataki shi ne allurar kotizon a cikin gaɓar kanta, ba a ɗuwawu ba. Tana kwantar da kumburin jakar, zafin ya ragu sosai na makonni, galibi 6 zuwa 12, mutum ya samu barci ya kuma samu damar motsa hannun. Ta fi amfani in an yi ta da wuri, lokacin da zogi ke da ƙarfi, domin in jaka ta riga ta zama tabo allura ba ta narkar da shi. Dole wanda ya iya ne zai yi ta, da tsabta sosai, saboda ƙwayar cuta in ta shiga gaɓa masifa ce babba. Ba kuma abin da ake maimaitawa kowane wata ba ne. Ga mai sukari, takan ɗaga sukarin na ƴan kwanaki, shi ya sa aka fara daidaita na Inna kafin a yi mata. Daren da ya biyo bayan kwana uku da allurar, ta ce shi ne barcinta na farko har kiran asalatu cikin wata bakwai. Sauran dabarun na gida ne: a gasa kafaɗar da tsumma mai ɗumi kamar minti 15, a kwanta a kan lafiyayyen ɓarin a rungume matashi, ko a kwanta rigingine a tallafe gwiwar hannu da ɗan ƙaramin matashi don kada dantsen ya faɗa baya. Wajen sa riga a fara zura hannu mai ciwo, wajen cirewa a bar shi ƙarshe.

Motsi kuwa ba a daina shi ko a lokacin zogi, sai dai a san iyakarsa. Mai gashin ƙashi na asibiti, wanda muke ce wa kine, ya koya wa Inna abubuwa kaɗan da ba sa bukatar na'ura. Ta duƙa ta dafa turmi da hannun dama, ta saki na hagu yana reto kamar guga a bakin rijiya, gaba da baya, sannan ya zagaya. Ta zauna gaban tabarma ta ɗora tafin hannu a kan tsumma ta tura shi gaba a hankali. Ta fuskanci bango ta hau shi da ƴan yatsu kamar tafiyar gizo-gizo. Da zafi ya ja baya sai aka ƙara masu ƙarfi: ta kwanta ta riƙe muciya da hannu biyu, lafiyayyen ya tura mai ciwon sama, ko ya tura shi waje gwiwar hannu na manne da kwiɓi. Aka rataya igiya a reshen dogon yaron tsakar gida, hannun dama yana ja na hagu yana hawa. Na ƙarshe, wanda ya fi wuya, ta saƙala zane ta bayanta kamar mai cuɗa baya, na sama yana jan na ƙasa. Ƙa'idar da ya ba ta ita ce ta kai inda za ta ji ja, ta tsaya nan ta ƙirga ashirin ko talatin, kada ta kai inda za ta ji suka. In zafin ya kwana ya wuni bayan motsin, ta wuce gona da iri, gobe ta rage. Ya ce kaɗan sau da yawa ya fi mai yawa sau ɗaya, sai ta ɗaura abin a kan salla, bayan kowace salla minti biyar, don kada ta manta.

Wannan sassauci ba tausayi ba ne kawai, an gwada shi. A ƙasar Holan, wasu likitoci biyu, Diercks da Stevens, sun bi marasa lafiya 77 suka buga sakamakon a 2004. Kashi ɗaya an yi musu miƙa mai ƙarfi har ana wuce iyakar zafi, ɗaya kashin an yi musu bayani an ce su motsa iya inda ba ya ciwo. Bayan shekara 2, kashi 89 cikin 100 na waɗanda aka bi a hankali sun dawo daidai ko kusa da haka, waɗanda aka matsa wa kuwa kashi 63 ne. Don haka ko a asibiti ne, in mai gashin ƙashi yana murɗa ka kana ihu yana cewa sai an sha wuya akan sha daɗi, kana da haƙƙin ka ce ya dakata.

Akwai waɗanda duk wannan ba ya isar su, watanni su shuɗe hannu na nan a kafe, sana'a ta tsaya. Su ake yi wa ɗaya daga cikin manyan ayyuka. Ana iya ɗura ruwan gishiri da magani cikin jakar har ta buɗe. Ana iya sa mutum barci likitan ƙashi ya motsa gaɓar da lissafi har jakar ta saki, wanda ya sha bamban da fizgar da aka yi wa Inna ido biyu, tsoka na turjewa, ba hoto ba sanin abin da ke ciki. Ana kuma iya shiga da ƴar kyamara ta ƙaramin rami a yanka wurin da ya tsuke. Wani babban bincike da aka yi a asibitoci 35 na Birtaniya, a kan mutum 503, wanda mujallar Lancet ta buga a 2020, ya gwada uku: gashin ƙashi tare da allura, motsawa cikin barci, da tiyatar kyamara. Bayan shekara guda babu wanda ya yi wa sauran fintinkau, kuma tiyatar ce ta fi kawo matsaloli masu nauyi, ta fi tsada. Wannan labari ne mai daɗi ga mutumin Tawa. Tsakaninmu da Yamai fiye da kilomita 500 ne, ga kuɗin mota, ga masauki, ga na aiki. Mafi yawan masu wannan ciwo ba sa bukatar sayar da akuya ko gona don a yi musu tiyata. Abin da suke bukata likita ne da zai tabbatar da ciwon, da gwajin sukari, da allura in ta kama, da wanda zai nuna musu motsi ya riƙa duba su lokaci-lokaci.

Amma kada a yi wa mutum alkawarin da ba zai cika ba. An daɗe ana cewa ciwon yana warkewa da kansa, kuma gaskiya ne mafi yawa suna samun sauƙi cikin shekara 1 zuwa 3. Sai dai wani bincike na Oxford da aka buga a 2008, wanda ya bi masu ciwon fiye da shekara 4, ya samu kusan 4 cikin 10 suna da sauran ɗan zafi ko ƙagewa, galibi mara tsanani. Kafaɗar da ta warke ba ta cika sake kamuwa ba, amma abin da ya ci Doma ba ya barin Awai: wasu, ɗaya kafaɗar takan bi sahu cikin shekara biyar.

Abin da littafi ba ya faɗa shi ne nauyin da ciwon ke ɗora wa gida. Ba ya kwantar da mutum, ba jini ba kumburi, saboda haka ba a zuwa dubiya, kuma bayan wata biyu an gaji da yi masa sannu. Inna ta daina daka, ta kasa ɗora ƙwarya a kai, ta kasa goya jikarta, furar da ke ciyar da gidan ta koma hannun ƴarta da ke zuwa makaranta. Wata rana ta kira matata gefe ta gaya mata abin da ta kasa gaya wa kowa, cewa hannun hagu ba ya kaiwa baya wajen tsarki, kuma tana jin kunyar Allah ta yi da dama. Sai da aka tambayo mata malami ya ce lalura ce babu laifi, ya ƙara da cewa ɗaga hannu wajen kabbara ma ba farilla ba ne, ta ɗaga iya inda ya kai. Namiji ma haka ne, tela ko direba ko magini ko mai jan ruwa a garka, shekara guda babu hannu ɗaya ba ƙaramin gibi ba ne. Mai irin wannan ciwo yana bukatar a karɓe masa aikin sama da na nauyi, amma a bar masa ƙananan da hannun zai riƙa motsi, kamar tsintar wake da wanke kofi da jan carbi.

A bangon ɗakin Inna akwai zane-zanen gawayi, layi bisa layi. Kowace Juma'a jikanta yakan ja layi daidai inda yatsunta suka kai. Watannin farko layukan kusan a kan juna suke, har ta ce a daina ɓata mata bango. Daga baya suka fara rabuwa, faɗin yatsa, faɗin yatsa biyu. Wata ashirin da biyu bayan safiyar nan ta hunturu, na ƙarshe ya wuce tsayin ƙofa. Ta koma daka, sai dai ta rage yawan geron, kuma har yanzu in ta kai hannu baya yana tsayawa a ƙugu, bai kai tsakiyar baya kamar na dama ba. Tana shan maganin sukarinta, tana zuwa awo duk wata. Makon jiya da na je, na tarar ta a tsakar gida ta manna gwiwar hannu biyu a kwiɓi tana buɗe su waje tana kallon na dama. Ta ce kwana biyu yana ɗan yi mata zogi da dare, in zo ranar Litinin in kai ta asibiti.